Furen wake na zubewa bayan haɗi: ta yaya zan ga inda barbara ta tsaya?

Ɗalibar Tsirrai:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san aikin maikiroskof a kan tsirrai. Aikina na digiri na biyu a kan haɗa wake ne da danginsa na daji, Vigna vexillata, wanda ƙwarin wake ba su cika damunsa ba. Ana cire mazan furen da yamma tun yana toho, a shafa masa garin furen uban da sassafe, a ɗaura zare don shaida. Kwana ɗaya zuwa biyu sai furen ya faɗi, wani lokaci har da 'yar kwasfar da ta fara tsawo. Abin da ya ƙara rikita lissafin shi ne, haɗin wake da wake da ake yi don gwaji shi ma yana zubewa fiye da kima. Ga shi kuma Afrilu ne, gidan ragar kamar tanda.

Abin da nake son sani: garin ya tsiro a kan macen furen kuwa? Bututunsa ya bi wuyan ya sauka har ƙofar ƙwai? Ko kuwa barbara ta auku, tayin ne ya mutu daga baya? Na tsoma macen a fomalin, na latse a kan gilashi da anilin bulu, abin da na gani shuɗi ne ko'ina kamar an zubar da bula. Ƙwan kuma da na fito da su da allura sai su koma ruwan ƙasa, ba a ganin komai a ciki. Kayanmu: maikiroskof na haske irin na kullum, wani mai fitilar UV da ake aro a wani sashe, tsohon maikirotom (na'urar yanka nama sirara sirara), da firji in akwai wuta. Don Allah a ba ni matakai da awo, ba sunan hanya kawai ba.

Tsohon Teknishan:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambaya uku kika yi, kowacce da irin shirin gilashinta. Ni zan ɗauki ta bututu. Amma tun kafin a kai ga rini, aikin yana lalacewa ne a wajen tsinka.

Kada ki tsinci furen da ya faɗi ƙasa. Wannan gawa ce, ba za ta gaya miki abin da ya kashe ta ba. Ki tafi gidan raga da 'yan kwalabenki cike da ruwan kamu, wato ruwan da ke tsayar da nama yadda yake kada ya lalace, ki yanke macen tana jikin uwa a sa'o'in da kika tsara: awa 2, 6, 12, 24 da 48 bayan shafa gari, sannan kwana 3, 5 da 7 ga waɗanda suka rage. Kowane lokaci aƙalla mace goma. Kuma kashi huɗu za ki tara: wake da vexillata, wake da wake, furen da aka cire wa maza ba a shafa masa komai ba, da furen da ba a taɓa ba sam ya yi wa kansa barbara. In babu biyun ƙarshe, ba ki da abin kwatance. Shaidar kuma da fensir za ki rubuta a 'yar takarda ki jefa cikin kwalbar, don etanol yana wanke tawadar biro da ta maka.

Ruwan kamu na bututu ba fomalin ba ne. Fomalin yana taurara nama, yana kuma sa shi ƙyalli da kansa a ƙarƙashin UV har ya rufe abin da kike nema. Ki haɗa etanol tsantsa kashi 3 da asid ɗin asetik tsantsa kashi 1, sabon haɗi a ranar. Ruwan ya ninka naman kamar sau 20. Ki tsaga 'yar kwasfar ta gefe da sabuwar reza kafin ki jefa, saboda fatarta tana da kaki, ruwa ba ya shiga da sauri. In ta yi iyo, iska ce a ciki. Babu famfon zuƙe iska? Ki zuba su cikin sirinji mai cin mililita 20, ki fitar da iskar sama, ki toshe bakin da yatsa cikin safar hannu, ki ja ki saki, ki ja ki saki, har sai sun nutse. Su kwana a ciki, gobe ki mayar da su etanol mai kashi 70 cikin 100. A nan za su iya wata da watanni a firji.

Ranar dubawa ki sauko da su a hankali: etanol 50, etanol 30, sai ruwa, minti goma goma. Sai laushi da NaOH, wato sodar da masu sabulu suka sani, amma ta ɗakin gwaji. Tsohuwar hanya tana amfani da mai ƙarfi, giram 32 a ruwa mililita 100. Ni dai ga wake ina ganin a fara da giram 4 a mililita 100, su kwana a zafin ɗaki, ko kamar rabin awa zuwa awa ɗaya a digiri 60. Mai ƙarfin tana iya narkar da 'yar kwasfar tun wuyan bai gama laushi ba, domin wuyan furen wake ya fi kwasfar tauri. Ki taɓa da allura: in ya lotsa bai tsinke ba, ya yi. In za ki haɗa sodar, ki riƙa zuba ta cikin ruwa kaɗan kaɗan, tana zafi sosai, kuma ki sa tabarau. Bayan nan ki wanke sau uku ko huɗu da ruwa, ki ɗauko su da matsefata ta ƙasa kamar mai ɗaukar danyen ƙwai, don yanzu sun zama kamar kamu.

Yanzu ga inda kika samu bularki. Anilin bulu da ake duba bututu da shi ba shuɗi ba ne. Ki auna giram 0.1 na wanda ke narkewa a ruwa, da giram 2.1 na K3PO4, a ruwa tatacce mililita 100. Ki naɗe kwalbar da takardar alminiyam ki bar ta ta kwana. Da safe shuɗin zai gushe, ruwan ya koma fari ko ya ɗan yi rawaya. Ba shuɗin ne ke ƙyalli ba. Wani ɗan sinadari ne da ke tafe cikin garin rinin, ana ce masa sirofulo, shi ke kama kalos, wani sinadari da ke bangon bututun. In ruwan ya ƙi barin shuɗi, to bai kai kaifin da ake so ba, wajen pH 11, kuma shuɗin zai shanye hasken ya bar ki da duhu. Ki jiƙa awa 2 zuwa 4 a cikin duhu, ko su kwana. Ki shimfiɗa macen a ɗigon rinin, ki raba kwasfar biyu ta inda kika tsaga, ki ɗora murfin gilashi, ki danna da gindin fensir mai roba, a tsaye, ba tare da murzawa ba.

Abin da za ki gani: zare siriri mai haske tsakanin kore da shuɗi, da ɗigo ɗigo masu tsananin haske a tsakani kamar ƙullin igiya. Waɗannan toshe ne na kalos da bututu ke yi a bayansa yana tafiya. Kada jijiyoyin ruwa su ruɗe ki: su suna da zobba kamar waya naɗaɗɗiya, haskensu ya fi dushewa, kuma za ki same su har a macen da ba a shafa wa gari ba. Gashin da ke ƙarƙashin kan macen shi ma yana ƙyalli. Bututun da aka ƙi karɓa kuwa za ki ga bakinsa ya kumbura, kalos ya yi masa kauri, ko ya murɗe ya tsaya. Ki ƙirga abu uku a kowace mace: garin da ya tsiro, bututun da ya kai gindin wuya, da ƙwan da bututu ya shiga ƙofarsu cikin jimlar ƙwan kwasfar.

Dakta Mai Fure:

Baba ya gama da bututu, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai ƙanwata, ganin zare a ƙofar ƙwai bai zama shaidar barbara ba. Baƙo ya iso zaure ne kawai. Sai kin leƙa ciki.

Ki fara sanin abin da za ki tarar, in ba haka ba kowane ɗigo zai zame miki ƙwai. A cikin ɗan ƙwan tun yana ƙarami, ƙwayar halitta guda ce take girma ta fi saura, ta rabu gida huɗu. Uku na wajen ƙofa su mutu, ta can ciki ta rayu. Cibiyarta ta rabu sau uku, ta zama takwas, su zauna a ɗaki bakwai. Wannan ita ce jakar tayi irin ta Polygonum, wadda kusan kashi 70 cikin 100 na tsirrai masu fure suke da ita, har da wake. A wajen ƙofa akwai ƙwan ainihi da 'yan rakiyarsa biyu, waɗanda littafi ke ce wa sinajid. A tsakiya babban ɗaki mai cibiya biyu. A ƙurya kuma uku, waɗanda a dangin wake sukan lalace da wuri, don haka rashin ganinsu a furen da ya buɗe ba matsala ba ce.

Yadda ake bambanta ƙwan da 'yan rakiya: duba inda cibiya ta zauna. Ta ƙwan tana can gefen ciki, ramin ruwansa yana wajen ƙofa. 'Yan rakiya akasin haka ne, cibiya wajen ƙofa, ramin ruwa a ciki. Su ne ke kiran bututu. An tabbatar da haka a 2001 a Japan, a furen Torenia fournieri wanda jakarsa ke leƙowa waje ta ƙofa: da aka kashe 'yan rakiyar biyu da hasken leza, bututu ya daina gane hanya. Bututun yana fashewa ne cikin ɗayarsu ya saki maniyyi biyu, ɗaya ya haɗu da ƙwai ya zama tayi, ɗaya ya haɗu da cibiyoyin tsakiya ya zama guzurin tayi, wato endosfam. Barbara biyu ke nan a tafiya ɗaya, abin da Nawaschin ya fara bayyanawa a Kiev, cikin daular Rasha ta lokacin, a 1898.

To shaidar da za ki nema, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi. Ɗaya daga 'yan rakiya ta motse ta yi duhu: alama ce, amma tsufa ma yana kawo haka, shi ya sa macen da ba a shafa wa gari ba take da amfani. Ƙwan ya yi tsawo, ramin ruwansa ya ragu: ya fi. Wadda ba ta da gardama ita ce cibiyoyin guzuri. Cibiyar guzuri tana riga tayi fara rabuwa, kuma a dangin wake tana rabuwa ne ba tare da yin bango ba, sai ki ga cibiyoyi 2, 4, 8, 16 a jere a jikin bangon jakar kamar an watsa gero a faranti. In kin ga wannan, barbara ta auku, ko tayin bai motsa ba tukuna. Ki ƙirga su a kowace rana ki kwatanta da na wake da wake. A haɗin jinsi biyu sau da yawa guzurin ne ke fara tsayawa, tayin ya bi baya da yunwa. A wannan haɗi naki da vexillata an san shinge biyu ne: bututu da yawa na tsayawa tun a sama, ƙwan da suka samu barbara kuma tayinsu yakan mutu yana ɗan dunƙule, cikin mako guda ko makamancin haka. Saboda haka ranar da guzuri ya fara lalacewa ita ce lambar da ta fi kowacce daraja a aikinki, don ita za ta nuna ranar da za a ciro tayin a rene shi a kwalba.

Yadda za a ga ciki ba tare da yanka ba shi ne a mayar da ƙwan garau kamar gilashi. Ruwan ƙasan da kika gani daga iska ne. Fatar ƙwan tana da sinadaran finol, da an raunata ta a iska sai ta yi duhu, kamar yadda goro ke yin ja in an fasa. Kada ki fito da ƙwai daga ɗanyar kwasfa a busasshen gilashi. Ki kama kwasfar tukuna a FAA: etanol mai kashi 70 mililita 90, asid ɗin asetik mililita 5, fomalin mililita 5, awa 24. Ki mayar etanol 70, sannan ki fitar da ƙwan a ƙarƙashin ruwan, a ɗan faranti, da allurar insulin guda biyu. Ki bar kowane ƙwai da 'yar igiyar cibiyarsa, ita za ta nuna miki gabas da yamma.

Daga nan hanya biyu. Ta farko metil salisilet, man nan mai ƙamshin man zafi. Etanol 85, sai 100 sau uku, awa ɗaya ɗaya. Sai etanol da man rabi da rabi, sai kashi 1 da kashi 3, sai man zalla sau biyu, na ƙarshen ya kwana. In ƙwan ya yi fari kamar madara, ruwa ya rage a ciki, ki koma etanol 100 sabo. In ya yi daidai zai ɓace miki a kwalbar, sai kin karkata ta a haske. Kada ki ɗora murfi kai tsaye, man yana sa ƙwai ƙarfi da saurin fashewa. Ki sa gutsuren murfi biyu hagu da dama kamar duwatsun murhu, ki ɗora na uku a kai. Kwalbar gilashi kawai, yana cin wasu robobi.

Ta biyu kuloral haidiret giram 8, gilisarin mililita 1, ruwa mililita 2. Ta fi sauri ga ƙananan ƙwai, awa kaɗan zuwa kwana, amma in aka bar su ya wuce kima cibiyoyin ma sai su ɓace. Danginta shi ne ruwan Hoyer, wanda ake ƙara wa ƙaro giram 30 a kan kuloral giram 200, gilisarin giram 20 da ruwa mililita 50. Ƙaron nan dai na dakwara da ake tarawa a Yobe, Borno da Jigawa. A zaɓi farare masu tsabta, a jiƙa su narke, a tace da ƙyalle mai laushi.

Duka biyun an fi ganinsu da maikiroskof mai DIC, wanda ke fito da cibiya kamar an sassaƙa ta. Daga kwana uku zuwa sama ƙwan wake ya yi kauri, sai an yanke gefe ɗaya na fatarsa da reza kafin a jiƙa.

Ɗalibar Tsirrai:

Na gode ƙwarai, Baba da Dakta, Allah ya saka da alheri. Na gane kuskurena biyu. Sai dai ba mu da DIC, kuloral haidiret kuma masu sayar da sinadarai sun ce sai da takarda. Akwai dabara da madubin kullum? Sannan mai UV ɗin layi ake bi. An ce ɗakunan gwajin tarin fuka suna da maikiroskof mai ƙyalli na LED, zai yi aikin anilin bulu?

Mai Maikirotom:

Malama, tunda babu DIC, ni ban ga dalilin barin maikirotom yana shan ƙura ba. Dakta ta fi son hanyar garau don tana da sauri, ƙwai ɗari a rana, gaskiya ne. Amma ƙwan dangin wake yakan tara sitaci a ɗakin tsakiya dab da barbara, ga fata biyu masu kauri, kuma a madubin kullum wannan duk hazo ne. Yanka ya fi wahala, amma hoton da za a sa a kundin digiri daga nan yake fitowa. Shawarata a raba: mafi yawa a yi musu garau don ƙirga, a yanka biyar biyar daga kowane lokaci don tabbatarwa.

Daga FAA, a gutsura kwasfar gunduwa gunduwa, kowace da ƙwai uku ko huɗu. Etanol 50, 70, 85, 95, 100, 100, awa ɗaya ɗaya. A na 95 a ɗiga iyosin kaɗan, naman ya yi ja, in ba haka ba zai ɓace cikin farin kaki. Sai zailin da etanol 1 da 3, rabi da rabi, 3 da 1, zailin zalla sau biyu. A riƙa jefa ɓarɓashin kakin farafin mai narkewa a digiri 56 zuwa 58, a kai tanda mai digiri 60, a sauya kaki sau uku cikin kwana ɗaya zuwa biyu har warin zailin ya tafi. Mai amfani da TBA, wani nau'in alkohol, a maimakon zailin nama ya fi yi masa laushi, amma ya tuna yana daskarewa a ƙasa da digiri 25, da sanyin hunturu sai a tarar da shi kamar ƙanƙara a kwalba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne kwanciyar naman a cikin kaki. Ƙwan wake lanƙwasasshe ne kamar ƙoda, ƙofarsa tana dab da igiyar cibiya. Ana son wuƙa ta bi ta ƙofa da tsawon jakar a yanka ɗaya. A kwantar da gunduwar a gefenta, yadda wuƙa za ta bi layin da ya haɗa ɗinkin kwasfa na ciki da na baya. In aka yanka ta a gicciye kamar kuɓewa, za a samu zobba masu kyau da ba sa amsa tambayar kowa. Kauri maikiron 8 zuwa 10, kuma a jera kowane yanka bi da bi, kada a zubar da ko ɗaya, don jaka ɗaya tana bazuwa a yanka da yawa, ƙwan yana nan, cibiyar tsakiya tana na gaba.

Zafin Afrilu abokin gaba ne. Kaki a ɗaki mai digiri 38 ya riga ya yi laushi, yanka zai fito a tattare kamar zanin da ba a goge ba. A ɗora fuskar kakin a kan ƙanƙara minti biyar kafin kowane zubi, a yi yankan da asuba. Da hunturu kuma matsalar daban ce: iska ta bushe, ribon, wato jeren yankan kakin, yana tashi yana manne wa wuƙa da hannu, sai an ajiye kwanon ruwan zafi kusa ko a riƙa huci a kai. Ribon da ke lanƙwasa, sama da ƙasan kakin ba su daidaita ba ne. Layi a tsaye, wuƙa ta yi giɓi, a matsa gefe. Nama yana marmashewa fari yana barin rami, ruwa bai fita ba ko kaki bai shiga ba, kuma wannan ba ya gyaruwa a kan wuƙa.

A shimfiɗa a ruwa mai digiri 40 zuwa 45, a ɗauka da gilashin da aka shafa wa farin ƙwai da gilisarin rabi da rabi, shafa kaɗan ƙwarai, ya kwana yana bushewa a digiri 40. Rini: safranin giram 1 a etanol 50 mililita 100, awa biyu zuwa kwana, sai fas girin na daƙiƙa 10 zuwa 30 kacal. Wanda ya tsaya amsa waya a nan zai dawo ya tarar da komai kore, jan ya tafi. Cibiyoyi ja, bango kore, 'yar rakiyar da ta mutu kuma ja wur. Zailin, fomalin da finol ba a shaƙarsu a rufaffen ɗaki, a buɗe tagogi in babu akwatin zuƙe hayaƙi.

Dakta Mai Fure:

Ban ƙi ta Malam ba, sai dai akwai tsaka-tsaki. A rina ƙwan da hematoksilin na Mayer, wanda akan samu a ɗakunan gwajin nama na asibiti, kafin a kai shi metil salisilet. Daga etanol 70 a sauko da shi ruwa, ya kwana ɗaya zuwa biyu a rinin, a rage rinin da asid ɗin asetik mai kashi 1 ko 2 cikin 100 ana dubawa har fatar ta yi haske, a wanke da ruwan famfo ya koma shuɗi, sannan a hau matakan etanol. Cibiyoyi za su fito da launi a madubin kullum, ba a bukatar kuloral. A ɗan tsuke ƙofar hasken kondensa, ko a tura gefen kati ya rufe rabin hasken daga ƙasa, abin zai yi inuwa gefe ɗaya, DIC ɗin talaka ke nan.

Malam Mai Iri:

Ƙanwata, kafin ki ƙarar da sinadarai, ki duba garin da kike shafawa. Ruwa ba ya tsami banza: tunda wake da wake ma yana zubewa, akwai abin da ba na vexillata ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ya nuna zafin dare wajen digiri 30 yana lalata garin furen wake, ko ya hana jakar garin fashewa, kuma ɓarnar tana faruwa ne kamar mako guda kafin furen ya buɗe. Macen ba ta cika jin jiki kamar namijin ba. Wato garin safiyar yau, daren makon jiya ne ya yanke masa hukunci. Ki rataye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙasa da mafi sama a gidan ragar.

Asetokamin ba ya isa gwaji, yana rina har garin da ba zai taɓa tsirowa ba. Rinin Alexander ya fi, mai rai ja, matacce kore, amma shi ma cika yake nunawa, ba ƙarfi ba. Ki tsirar da shi. Ruwan Brewbaker da Kwack na 1963, a lita ɗaya: sukari giram 100, asid ɗin borik miligiram 100, kalsiyam naitiret miligiram 300, magniziyam salfet miligiram 200, fotasiyam naitiret miligiram 100. Ɗigo ɗaya a gilashi, a kaɗa garin furen da ya buɗe a safiyar, a sa cikin faranti mai rufi da jiƙaƙƙiyar takarda, a duba bayan awa ɗaya zuwa uku. Wanda bututunsa ya fi faɗin ƙwayar tsawo shi ya tsiro. Ki ƙirga aƙalla 200. In suna fashewa, sukari ya yi kaɗan, ki gwada giram 150 da 200.

Hannu ma yana zubar da fure. Toho ɗaya za a bari a kan sanda, a cire sauran. In matsefata ta taɓi wuyan macen ko aka murɗa tohon, zai faɗi ko da garin duniya aka shafa. A tsoma matsefatar a etanol tsakanin fure da fure, a bari ta bushe. Kuma a hana tururuwa hawa, suna zuwa shan zaƙin da ke fita tsakanin furanni su yi ta tattaka aikin.

Tsohon Teknishan:

Kan maganar na tarin fuka, 'yata, kada ki wahalar da kanki. Waɗancan an yi su ne don rinin oramin, fitilarsu shuɗiya ce wajen nanomita 450. Anilin bulu yana son haske tsakanin 360 da 400, da matatar hasken da ake duba rinin DAPI da ita. A shuɗin haske kusan ba abin da za ki gani sai ƙyallin naman kansa.

Ki bi layin mai UV ɗin, amma ki je da gilasanki a shirye. Macen da aka rina tana iya kwana biyu ko uku a firji cikin duhu, in kin zagaye murfin da jan farce marar launi don kada ya bushe. In fitilar ta zaiba ce, ki tambayi awa nawa ta ci, yawancinsu 200 zuwa 300 ne, tsohuwa tana rawa kuma haskenta ya ragu. In aka ɗauke wuta kada a sake kunna ta sai ta huce, kamar rabin awa, in ba haka ba kwanan ta ya ƙare, har tana iya fashewa. Gara a jona ta da inbata tun farko. Ki nemo wurin da hasken kullum a ƙaramin ido mai ninki 4 ko 10, sannan ki buɗe UV, ki rufe da zarar kin ɗauke kai, don ƙyallin yana dushewa. A kashe fitilar ɗaki. Hoto da waya yana yiwuwa ta bakin madubin, a kashe filasha, a kulle hasken kyamarar a awo ɗaya ga dukkan gilasai, in ba haka ba wayar za ta haskaka marar komai ta sa ya yi kama da mai bututu.

Ranar da UV ɗin ya gagara, rinin lakmoid yana mayar da kalos shuɗi a madubin kullum. Zai nuna miki toshe toshen a kai da wuya, amma a cikin kwasfa kada ki dogara da shi wajen ƙirga ƙofofi. Ki fara da na awa 24 na furen da ba a taɓa ba. In bututu bai fito a wannan ba, laifin rininki ne, ki sake haɗawa kafin ki taɓa sauran kwalaben.